Inna Ma'u Mai Muruci da Rabon Jika

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, takwas ga Janairun 1964, cikin watan Sha'aban, ina tsaye a ƙofar gidana a Nasarawa ana canja wa motata taya, sai ga Labbo a kan keke daga Zauro. Tun bai jingine keken ba na san da magana. Ya ce mahaifiyarsa, Inna Ma'u mai muruci, ta cika da hantsi bayan jinyar kwana huɗu. Bayan azahar muka kai ta makwancinta. Shekarunta sun haura saba'in, ko da yake ita ba ta taɓa yarda da ƙiyasin kowa ba.

Inna, duk wanda ya san ni a Birnin Kebbi ya san ba na saurin cewa wani ya koya mini abu. A Midil biyu na tsaya. Da jaki ɗaya na fara dakon yashi, yau ga mota biyu da leburori ashirin suna ci a hannuna, kuma ba gadon uban kowa ba ne. Amma akwai darasi guda da na ɗauka a gabanki ina tsaye kamar gunki, kuma gara in faɗe shi da bakina tun waɗanda suka gani suna da rai.

A bazarar 1960 aka ba ni kwangilar ɗakuna uku na wata makarantar elemantare, da sharaɗin yara su shiga kafin bikin samun mulkin kai. Ita ce babbar kwangilata ta farko. Bango ya tashi, saura rufi, ga gajimare ya fara leƙowa daga gabas. Kowane magini ya san abin da ruwan farko ke yi wa bangon ƙasa marar rufi. In ya zube, sunana ya zube tare da shi, in koma kan jakina. Azara nake bukata, ita kuwa azara daga giginya ake tsaga ta. Malam Irimiya, malamin daji, mutumin Kagoro da ya daɗe a cikinmu shi da iyalinsa, ya ba ni takardar izinin sare talatin. Ya ce in jira shi ranar Alhamis ya zo ya nuna mini waɗanda zan sara. Ban jira ba. Ranar Litinin na ɗebi masu gatari muka sauka bakin fadamar Zauro, na bi na shafa wa giginya talatin farar ƙasa, duk masu kauri, masu kyan tsayuwa, kusa da hanyar da mota za ta iya shiga.

A gindin ta farko muka tarar da ke zaune, da ƙwarya da sandarki ta gora.

Kika ce, "Wa yab ba ka iccen ga?"

Na zaro takarda daga aljihu, na karanta miki da Turanci, sannan na fassara. Kika bari na gama.

"To, madalla da karatu. Takardar taka, mata tac ce ko maza?"

Na sake duban takardar, don ban san akwai wannan tambaya a duniya ba.

"Ɗaga kanka, ɗan kwangila."

Na ɗaga. Sai ga 'ya'ya nan reto, tuli-tuli, a kan kowace da na shafa wa fari. Yini guda na yi ina duban gindi da takarda, ban kalli sama ko sau ɗaya ba.

Kika ce, "Waɗanga dut mata na, su ka haihuwa. In ka kashe su, mi za mu binnewa baɗi? Kuma cikinsu taushi gare shi awa rogo. Ka aza ma ɗiyan mutane rufi da su, ka yi ma gara tuwo."

Masu gatarina suka juya baya suna dariya a ɓoye. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce miki ba ni da lokacin tatsuniya, ruwa na tafe. Kika ce ruwa ba ni kaɗai ya nufa ba. Kika tashi kika sa mu a gaba, tafiyar kusan awa biyu wajen hanyar Argungu, har wani tudu mai tsofaffin mazan giginya, baƙaƙe, waɗanda sun daɗe da gama aikinsu. Kina bi kina ƙwanƙwasa su da sanda, mai amsawa da kaifi ki ce wannan, mai amsawa kamar tulu ki wuce. Yashi ya hana mota isa wurin, sai da na nemo raƙuma, aikin kwana uku ya koma kwana tara. Kowace safiya da duban gabas nake tashi. Ranar da muka gama daɓen rufin ƙarshe, washegari da la'asar ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ɗakunan nan suna tsaye har yau, azara ko ɗaya ba ta yi ciki ba, kuma daga gare su ne aka fara nemana da aiki har Argungu.

Da Malam Irimiya ya ji labari, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce, "Malam Arzika, ai ni ma wurinta na yi makaranta."

Ba ki sake ni a nan ba. Kika ce duk giginya ɗaya da na sara, ƙwallo goma zan shuka. A nan na san abin da ku matan Zauro kuke kira rabon jika. Masu muruci sukan tara ƙwallon giginya su binne a rami da farkon damina, in sanyi ya shigo su tone, su dafa tsiron su kai kasuwa. Kowane muruci da aka ci, giginya ce da ba za ta tsaya ba. Ke kika tara matan unguwa tun kafin a haifi wasu masu murucin yau, kuka yi alkawari: kafin mace ta rufe raminta, za ta ware ɗaya cikin goma, a bi iyakokin gonaki da bakin fadama a shuka ɗai-ɗai, a kewaye da ƙaya saboda shanu, kuma ba mai tonawa. Ba takarda, ba dogari, ba tara. Sandarki ce kawai da bakinki.

Haka na tuɓe babbar rigata ranar wata Asabar, ni da leburorina da matan unguwarku, muka binne ƙwallo ɗari uku a layi guda. Na gaji, na ce, "Inna, yaushe za a sha inuwar wannan?"

Kika ce, "Ba ka ji an ce giginya, na nesa ka sha inuwarki ba? Kai na kusa na. Ci gaba da gina."

Ba ni kaɗai kika gyara ba. Shekarar da ambaliya ta cinye shinkafa, wani manomin Zauro, Maigandi, ya bi iyakar gonarsa ya tone rabon jika ya sayar. Wasu suka ce a kai shi gaban mai gari. Kika hana, kika ce yunwa ba ta da kunya. Kika aika masa da gero daga rumbunki. Sai dai daga ranar, kullum kika wuce ƙofarsa sai kin tsaya kin gaishe shi da ladabi: "Maigandi, ina kwanan jikokinka?" Ba ya da jika ko ɗaya a lokacin. Kafin damina ta zagayo, shi da kansa ya tara ƙwallo ya mayar, har da ƙari. Yanzu ba mai tsaron ƙayar nan kamarsa. Makiyaya ma kin zauna da su, kika bar musu hanyar mashaya a buɗe, su kuma suka kiyaye shanunsu daga layukan. Malam Irimiya ya rubuta wannan tsari naku a littafinsa, ya bi ƙauyukan bakin gulbi yana bayani, wasu sun ɗauka, wasu ba su ɗauka ba tukuna. Ranar rasuwarki yana cikin na farkon zuwa, ya zauna a ƙofar gida har magariba, matarsa Paulina tana ciki wurin mata tana taya su tuƙin tuwo.

Kowace shekara kina aiko wa gidana ƙwaryar muruci da saƙo iri ɗaya: a gaida ɗan kwangila, a ce masa ya riƙa ɗaga kai.

Ba zan ɓoye ba, Inna, da muka baro maƙabarta abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Kin tafi daidai lokacin tono, lokacin da kike zagaya iyakoki da sanda. Na ce a raina, alkawarin da ba a rubuta ba, in mai shi ta kwanta, shi ma ya kwanta. Da wannan tsoro na koma Zauro ranar sadakar bakwai. Bayan addu'a na zame na gangara bakin fadama. Na tarar mata sun buɗe ramukansu suna tono, ƙwarya-ƙwarya. Na bi iyakoki ina dubawa. Ba a tone rabon jika ko ɗaya ba. Layina kuwa, cikin ɗari uku na ƙirga ɗari biyu da goma sha ɗaya, ganye ne kawai iya gwiwa, ko alamar gindi babu. Na san ba ni zan tsaga azararsu ba. Ban taɓa mallakar abin da ya kwantar mini da rai kamarsu ba.

Ina tsaye sai ga Kulu, babbar 'yarki, da sandar gorar nan a hannunta.

Ta ce, "Malam Arzika, ƙayar layinka ta zube wuri ukku. Inna ta gani, ciwo yah hana ta aiko maka."

Na ce zan turo leburori gobe.

Ta ce, "Shanu ba su san gobe ba."

Na tuɓe rigata na rataye a kan kara, na karɓi adda.

Ya Allah, Ka gafarta wa Inna Ma'u, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta, Ka sanyaya shi. Duk wanda ya ci ɗan giginyar da ta sa aka shuka, ko ya kwana ƙarƙashin azararta, ko tsuntsun da ya yi sheƙa a kanta, Ka kai ladan gare ta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Labbo da Kulu da 'yan'uwansu, da jikokinta, da matan Zauro masu muruci, da Malam Irimiya da iyalinsa, don su ma uwa suka rasa. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu zuwan. Motata kuwa, duk ranar ruwan farko tana hannun matan Zauro don dakon ƙwallo, muddin ina numfashi. Inna, ki huta. An gyara ƙayar.

Arzika Ɗan Kwangila
Nasarawa, Birnin Kebbi