Direba da Kwalekwalen da Ba Ya Ɗaukar Biyu

Maƙwabcina, wanda kowa a layinmu ke kira Direba, ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya. Gado ɗaya ne a bayan motar. Ya taɓa gaya mini cewa in sun isa wurin hatsari suka tarar da mutane a zube, ma'aikacin jinya ne ke nuna wanda za a ɗauka. Shi nasa ya buɗe ƙofa, ya kunna jiniya, ya taka mota.

Da ya yi ritaya, babban ɗansa ya kawo masa injin wasan bidiyo, irin wanda ake jonawa da talabijin. Ya gwada tseren mota, ya ce wanda ya ƙera shi bai taɓa riƙe sitiyari ba. Daga baya ya faɗa kan wani wasan da ya kama shi. A ciki shi mai kwalekwale ne a garin da ambaliya ta cinye, yana kwashe mutane daga kan rufin gidaje. Kwalekwalen ƙarami ne, kuma duk wanda ya bari, danginsa za su tare shi a sansani su tambaye shi dalili.

Matarsa ba ta ga abin burgewa ba.

"Maigida, da furfurarka? Ko jikokinka in sun yi baƙo suna ajiyewa."

"Ke ba ki gane ba. Wannan ba na yara ba ne."

"To na wa ne? Na tsofaffin da suka rasa aikin yi?"

Ni yake kawo wa maganar, a bencin ƙofar gidana. A makarantar mishan da na yi, irin waɗannan tambayoyi na wa za a ceta wa za a bari akan ba mu ranar muhawara, mu miƙe da gajeren wando mu yi ta gardama har a kaɗa ƙararrawa. Ban zaci zan sake jin su daga talabijin ba.

Kusa da ƙarshen wasan ya iso wani rufi mai mutum biyu, wuri kuwa saura na mutum ɗaya. Ga tsohuwar da ta goyi mai kwalekwalen, ga wani baƙo mai girman kai, amma shi kaɗai ya iya haɗa maganin zazzaɓin da ke kashe mutanen sansani. Direba ya ajiye abin dannawa. Ya bar hoton a tsaye, ya hana kowa taɓa talabijin.

"Ɗauki mai magani," na ce masa. "Lissafin a fili yake."

"Malam, kai ba ka san ta ba. Tun farkon wasan take ɓoye mini abinci a gefen zanenta."

"Hoto ce fa, Direba."

"Haka Maman yara ke cewa. Har da kai?"

Muka kwashe kwanaki a haka. Wata safiya ya taso daga masallaci fuskarsa a sake, ya ce ya yanke shawara, bari ya je aski ya dawo ya danna. Da ya dawo, injin ba ya ƙarƙashin talabijin. Ina daga gidana na ji muryarsa, na shiga. Matar ta shigo a bayana da injin a leda.

"Kwana da kwanaki hoto ɗaya, ba gaba ba baya," in ji ta. "Na ce lalacewa ya yi, kana jin nauyin gaya wa yaron. Na kai wa mai gyaran waya. Ya ce ya wanke shi tas, har ya ƙara maka wasan kokawa kyauta."

Direba ya jona wayoyin. Wasan ya buɗe daga farko, ruwa bai ma fara hawa ba.

"Wa ya aike ki?"

"Au, laifi na yi? Gyara fa na kai!"

"Ba lalacewa ya yi ba. Ni ne nake tunani!"

"Tunani? To ai sai ka rataya masa sanarwa."

Ya sake farawa washegari, amma bai yi nisa ba. Ya ce yanzu ya san inda za a ƙare, sai ya ga yana kauce wa tsohuwar, yana danna maganarta ta wuce ba ya karantawa. Ɗansa ya bugo waya ya ce, "Baba, ai duk ƙarshen suna intanet, bari in turo maka." Direba ya ce waɗannan na wasu ne ba nasa ba, ya kashe wayar.

Na tambaye shi wa ya yi niyyar ɗauka. Ya ce a benci kowa ma zai iya faɗa, shi dannawa yake so ya yi, ya ga wanda zai tare shi a sansani. Na matsa masa, ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya shige gida. Injin na nan an rufe shi da ƙyalle, sai ƙarshen mako jikoki su zo su yi kokawa, shi kuma ya fito benci ya zauna.