Wasiƙun da Alhaji Ya Ajiye Mini

Lokacin da na sauka Paris don karatu, a farkon shekarun dubu biyu, ban san kowa ba sai wani Alhaji ɗan Maraɗi wanda kawuna ya rubuta mini adireshinsa a bayan takardar magani. Butik gare shi a Goutte d'Or, yana sayar da shadda da atamfa da turaren wuta, da ɗan kayan miya na gida, kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi jakata, ya ce, "Kai ne ɗan Damagaram ɗin? To, ajiye kayanka." Shekara biyu na yi ina kwana a falonsa a La Courneuve, ina cin tuwon Hajiyarsa, bai taɓa tambayata ranar da zan tashi ba.

A satina na biyu ya kira ni bayan butik, ya ja labule, ya miƙo mini wata wasiƙa. Ya ce, "Ɗana, duba mini wannan, idona ba ya gani sosai yau." Na karanta masa. Bayan kwana uku idon ya sake ƙin gani. Kafin wata ya ƙare na gane zancen: Alhaji bai iya karatun boko ba, ko baƙi ɗaya. Alƙur'ani yana kansa, ajami yana rubuta shi kamar ruwa, Faransancin titi kuwa ya fi ni iya shi nesa ba kusa ba. Amma takardar ofis, sai dai ya jujjuya ta. Daga Hajiya sai ni muka sani. Ƴaƴansa suna lakkol, makarantar boko, suna iya karanta masa, amma ya ce shi bai haifi ɗan da zai buɗe masa takarda ba. Kullum da safe yakan ɗauki jaridar kyauta a bakin metro, ya saka tabarau, ya shimfiɗa ta a kan kantar butik, labarin kuwa a rediyo yake jin sa.

Da na gama karatun tattalin arziki na samu aiki a ofishin wani kamfanin sufuri a Vénissieux, gefen birnin Lyon, na koma can, na yi aure. Amma aikin bayan labule bai tsaya ba. Duk Lahadin farkon wata nakan shiga jirgin ƙasa da safe, in iso Paris da azahar. Alhaji ya tara wasiƙun wata a cikin leda, mu ja labule, in karanta, in nuna masa inda zai sa hannu. Bayan la'asar sai mutanen fada, majalisar hirarmu, su fara shigowa, a ɗora shayi. Su a ganinsu zumunci ne kawai yake kawo ni da wuri.

Fadar tamu ba ta wuce mutum goma. Akwai ƴan kasuwa, akwai ɗalibai, akwai wani Malam dattijo ɗan Tawa wanda yake ja mana salla, kuma shi ne mai raba gardama. Gardama kuwa ni ne ubanta. Ba na ɓoye halina: bakina ya fi hankalina sauri, kuma idan na san ina da gaskiya ba na iya ajiye ta in sha shayi. Alhaji yakan kira ni Dokta, da tsokana, ko da yake ban kai can ba. Yakan ce, "Ku matsa, Dokta zai yi mana lacca."

Shekarar da mutanen Ingila suka kaɗa ƙuri'ar ficewa daga ƙungiyar ƙasashen Turai, abin ya faɗo cikin azumi, fada ba ta zama. Kowa ya riƙe zancensa a ciki sai bayan salla. Ni kam na cika fam. A wurin aiki ba mu da wata hira sai ta manyan motocinmu masu ƙetarawa can, da yadda za a koma layin duwan, wato kwastan. A tram ina karantawa, a gida ina karantawa, har matata ta ce ko ni aka ce in fice.

Ranar da muka zauna, na iso da wuri kamar kullum, na karanta wa Alhaji wasiƙunsa, muka ci shinkafa tare. Ba a gama shayin farko ba wani ɗalibi ya tada zancen. Alhaji ya gyara zama ya ce wallahi Ingila ta burge shi. Gidan da kowa maigida ne a cikinsa ba gida ba ne, in ji shi. Mutum ya riƙe makullin ƙofarsa a aljihunsa. Ya ce wannan ƙungiyar ce ta hana a shigo da kilishi, ita ce take aiko masa da dokoki a kan daddawar da kakanninmu suka ci suka tsufa. Sannan ya juya kan gida, ya ce mu ma da muna da zuciya da tuni mun yar da sefa mun buga kuɗinmu. Ƴan kasuwa suka ce, "Faɗa musu, Alhaji!"

Na ce, "Alhaji, da yawan masu murnar nan ba kilishi ne ya dame su ba, baƙi ne ba sa so. Irinmu. In aka yi haka a nan Faransa, kai za a fara nuna wa ƙofa." Ya ce shi shekararsa talatin a nan, ba wanda ya isa. Na kawo masa zancen kasuwa, na kawo na iyaka, na kawo na ƴaƴansa masu takardun Faransa waɗanda yau in sun so sai su shiga jirgi su je London neman aiki ba mai tambayarsu. Duk abin da na kawo sai ya kaɗa hannu. Ɗalibai suna dariya, ƴan kasuwa suna zuga shi, ni kuma raina yana ƙara ɓaci. Aka zuba shayi na biyu. Sai Alhaji ya ɗaga jaridar nan tasa ya buga ta a gwiwa, ya ce, "Dokta, ba kai kaɗai kake karatu ba. Ni ma na karanta a nan."

Na ce, "Wace jarida ka karanta, Alhaji? Kai da ko takardar lantarki ni nake karanta maka?"

Kai! Har yau idan na tuna sai in ji kamar in nutse. Mai zuba shayi ya tsaya da buta a sama. Wani ɗalibi ya yi ƴar dariya, ya haɗiye ta. Alhaji bai dube ni ba. Ya cire tabarau, ya ninke, ya saka a aljihu. Ya ajiye kofinsa da sauran shayi a ciki, ya miƙa wa Malam makullin butik, ya ce, "Idan kun gama ku rufe. Ni na bar fadar nan." Ya saka takalmi ya fita, ba a kai ga shayi na uku ba.

Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san abin da ake yi. Babba in ya yi fushi ya tashi, ba a barinsa. Wanda ya yi laifin yakan nemi dattijo ya raka shi har gida, ya cire takalmi, ya durƙusa. Dattijon ne zai yi magana, kai naka sunkuyar da kai. Maigida zai yi faɗa, ya ce ba komai, a kawo abinci, shi ke nan an wuce wurin. Shi ma mai fushin ya san za a zo, jira yake yi. Malam ya ce mini in kwana, mu je da safe. Na ce ina da aiki, na kama jirgin yamma na koma Lyon.

Ranar Laraba Malam ya kira ni a waya. Ya gajarta gaisuwa, abin da ba halinsa ba. Ya ce, "Ɗana, Lahadi ka zo in raka ka. Mutumin nan ya riƙe ka kamar ɗan cikinsa." Na ce, "Malam, na yarda maganata ta yi nauyi, amma ƙarya na yi? Kuma shi ya ce ya bar fada, ba wanda ya kore shi. Wanda ya ce ya fita, a bar shi ya fita, ya ga yadda waje yake." Wannan ita ce maganar da nake yi a kan Ingila a wurin aiki safe da yamma, na ɗauko ta ɗungurungum na ɗora wa mutumin da ya ba ni falonsa. Malam ya ce, "Alhaji ba ƙasa ba ne." Ya yi mini sallama ya kashe.

Matata ta yi magana har ta gaji. Ta ce, "Kai dai girman kai zai kashe ka. Kuɗin jirgin ne babu, ko gwiwar ce ba ta lanƙwasuwa?" Na ce sai ya huce. Lahadin farkon watan da ya biyo ban je ba. Na tuna da ledar wasiƙu, na ce ai yanzu kowa ya sani, kowa ma sai ya karanta masa.

Da abin ya fara ci mini rai, sai na yi wautar da ta fi ta farko. Na zauna a ofis na rubuta masa dogon saƙo a waya, da Faransanci mai kyau, irin wanda ake rubuta wa darakta. Na ce ina baƙin ciki idan maganata ta ɓata masa rai. Har da ɗan ƙarin bayani a ƙasa a kan abin da nake nufi game da Ingila. Na aika, na ji sanyi a raina, wai na sauke nauyi. Shekara goma sha biyar ina karanta wa mutum takarda, sannan in ba shi haƙuri a rubuce. Amsa ba ta zo ba, ni kuma na ce to, na yi nawa.

Fada ta koma ɗakin wani ɗan kasuwa, ta yi ta raguwa har ta mutu. Shekara ta zagayo na ji an ce Alhaji ya rasa butik, wai sabon mai ginin ya karɓe. Na ɗauki waya na ajiye ya fi sau goma. Kunya ta riga ta yi mini yawa, kullum sai in ce bari in samu hutu in je da kaina. Sai na ji ya koma Maraɗi, ya bar Hajiya da yara su ƙarasa karatu. Na ce to, idan na je gida hutu zan biya ta Maraɗi, can ma ya fi, in durƙusa masa a zaurensa. Ingila kuwa tana nan, ba ta fita ba. Yau a ce an ɗaga, gobe a ce an koma teburi, ana ta lallashi ana ta jan ƙafa. Su da suka kaɗa ƙuri'a ma an yi ta zama da su shekara da shekaru.

Shekara uku bayan wannan shayin, ina cikin metro za ni aiki, Malam ya kira. Wannan karon ya yi gaisuwar duka, har ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sai na san ba lafiya ba. Ya ce Alhaji ya rasu jiya a Maraɗi, an yi jana'iza.

Na je ta'aziyya La Courneuve. Na hau benen da na hau shekara biyu, na cire takalmi a ƙofar da ya kamata in cire shi tun tuni, na durƙusa a gaban Hajiya. Malam ne ya raka ni. Na yi gaisuwa. Ta amsa, ta ce Allah ya ba da lada, ba ta ɗaga kai ba. Da mutane suka ragu sai ta ce, "Ɗana, ka zo ke nan."

Na ce, "Hajiya, ki yafe mini."

Ta ce, "Ni me ka yi mini? Lahadi huɗu yana saka babbar riga bayan azahar ya zauna a kujerar can. Yakan ce in ƙara shinkafa, Dokta zai zo da Malam. Ranar da saƙonka ya shigo ya nuna mini wayar, ya ce, kin gani, ya rubuto. Na ce a kira yarinya ta karanta. Ya ce a'a, in ya zo ya karanta da bakinsa."

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da leda, irin ledar butik ɗinsa. Ta ce wasiƙun watannin nan ne. Ya hana kowa taɓawa, ya ce aikina ne. Sai da aka zo karɓar makulli sannan ya bari babbar ƴarsa ta buɗe, lokacin an makara. Da zai tafi gida ya ce a ajiye, idan na zo a ba ni.

Na zazzage su a kan tabarma. Takardar lantarki, takardar likita, tallace-tallace. Ta sabon mai ginin tana tsakiya, shafi ɗaya tak. Cewa ya yi yana son sabunta hayar butik, Alhaji ya sa hannu a ƙasa ya mayar kafin ƙarshen watan tara. Na karanta ta a durƙushe, ko minti biyu ban yi ba. Hajiya ta ce, "Me ta ce?" Ta riga ta sani, amma ta tambaya. Na karanta mata da ƙarfi, na fassara da Hausa kamar yadda nake yi masa a bayan labule, har na kai yatsana wurin da zai sa hannu.