Motoci Biyu a Gaban Mma Azeta

A Gurugu kowa ya san Mma Azeta mai man kaɗe. Shekara talatin tana wannan sana'a, kuma ba ta karɓar ƙwarya sai ta soka tsinke har gindi, domin tun tana sabuwar shiga aka taɓa sayar mata da mai a sama, dafaffen rogo a ƙasa.

Mijinta, Baba Imoru, tsohon direban babbar mota ne a hanyar Kumasi, har ciwon ido ya zaunar da shi. Da 'ya'yansu suka haɗa hannu za su saya wa gidan motar da za ta ɗauki iyali, ta kuma jure hanyar ƙauye da damina, sai suka bar mata zaɓi.

A filin Kuuku, wani dillali mutumin kudu da ke Bulpiela, ta tarar da jif biyu, ƙirar kamfani ɗaya, duk an hau su a ƙasar waje. Fara mai kujera bakwai, da ruwan toka mai biyar. In ban da wannan, kamar an tsaga kara.

"Mma, ɗauki farin," in ji Kuuku da Hausarsa ta kasuwa. "Shi ne yana da kyau."

Ta dube shi sheƙeƙe. Farar an wanke ta, an fesa turare, an ajiye ta a bakin ƙofa. Ɗayar tana can baya, ko kallonta ba ya yi. Ita dai ta san kayan da ɗan kasuwa ke yabo shi yake son rabuwa da shi. Ta koma gida ba ta zaɓi ko ɗaya ba.

Kwana uku tana saƙa da warwara. To, in an gaya masa halinta fa? Wataƙila yana yabon farar ne don ta guje ta.

Ran na huɗu ta riƙo hannun Baba Imoru zuwa filin. Aka tayar da motocin ɗaya bayan ɗaya, ya kasa kunne.

"Azeta, inji dai duk lafiya lau."

Ba ta gamsu ba. Ta sa Kuuku ya ɗaga shimfiɗar ƙasan kowace. Ta farar tas take. A ruwan tokar kuwa ta shafo busasshiyar laka, ga tsatsa a ƙusoshin kujera.

"Ruwa ya ci shi a can," Kuuku ya ce yana sosa ƙeya. "Shi ya sa na ce fari."

"Me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Da na faɗa, Mma zai yarda?"

Farar aka saya. 'Yarta Basiratu ce ke tuƙa su.

Bayan mako biyu suka bi ta Bulpiela, Mma Azeta ta hango babu ruwan tokar a filin Kuuku. Ta sa aka tsaya.

"Wane bawan Allah ka maƙala wa?"

Kuuku ya rantse makanikai ne suka ɗauka don cire kaya. Ta nemi kwatancen garejin, ta je da ƙafarta. Can ta same ta a kan duwatsu, ba taya, ba ƙofa. Sai da ta leƙa ciki ta ga tsatsar nan, sannan ta koma mota.