Gudun da Na Yi da Sara a Ƙafata

Ina ɗaga damin shinkafar na ji abu ya soke ni a saman idon sawu. Na ce ƙaya ce. Na sunkuya zan cire, ban ga ƙaya ba, sai ɗigon jini biyu kusa da juna kamar an auna tsakaninsu. Wani abu mai launin ƙasa ya ja jiki daga ƙarƙashin damin ya shige ciyawa. Wutsiyarsa kawai na gani.

Ni kaɗai ce a gonar da hantsin nan. Gonarmu tana bakin ruwa ne, can bayan Wara, kuma Inna da sauran mata sun tafi kai kaya gida, aka bar ni ina tara dami. Na yi ihu har maƙogwarona ya yi zafi. Wani mai kwalekwale a tsakiyar ruwa ya ɗaga mini hannu, ya zaci gaisuwa ce.

Abin da na yi daga nan har yanzu ina jin nauyin faɗinsa, domin na gama sakandare, kuma an koya mana a aji cewa wanda maciji ya sara ba ya yawan motsi. Na sani sarai. Amma kwana biyu kafin nan mun kalli wani fim a wayar Kawuna, ƙanin Inna, irin waɗanda ake fassarawa da Hausa. Tarihin wani mutum ne da ya yi suna a gudun dogon zango. A tserensa na ƙarshe ƙusa ta huda masa takalmi, bai tsaya ba, jini na bin ƙafarsa har ya kai layi. Ni da na taɓa yi wa makarantarmu gudu, sau uku na sa aka maimaito wurin. To shi ne ya faɗo mini a rai. Na ɗaure ƙafar da ɗankwalina, na tattare zani, na zuba da gudu.

Tafiyar da kan ci mu kusan awa guda ce zuwa titi. Ina gudu ina salati, ƙafar na yi mini kamar an ɗora garwashi. A bakin titi wani mai babur ya ɗauke ni zuwa ƙaramin asibiti.

Malamar asibitin, wata dattijuwa mai gilashi, ta tambaye ni wa ya fito da ni daga gona. Na ce da gudu na fito. Ta ajiye bironta ta dube ni. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan tsorata ni. Ta kwance ɗankwalin, ta zagaye kumburin da biro, ta ɗebi jinina ta zuba a 'yar kwalba ta ajiye a kan tebur.

"Minti ashirin ba mai taɓa ta," in ji ta. "In ya daskare, da sauƙi. In ya tsaya kamar ruwa, to gobe-da-nisa ce ta sare ki, dafin ya shiga jini, sai a wuce da ke babban asibiti yanzu-yanzu."

Ya daskare. Har na fara hamdala, ta ce in dakata, dafi yakan yi jinkiri, sai an sake gwadawa bayan awa shida. In kwanta, ko yatsa kada in motsa.

A cikin awa shidan nan Inna ta iso ko takalmi babu, Kawu na biye da ita. Gadona yana jikin tagar da ke kallon baranda, ina jin Kawu yana ba mutanen wurin labarin abin da ya sa na yi gudu. Akwai mai babur ɗin da ya ƙi tafiya, da wani tsohon masunci da ake yi wa matarsa ƙarin ruwa. Ashe duk sun ga fim ɗin, ya gama zagaya wayoyin gari.

"Wanga fim ƙarya ce tsagwaronta," in ji masuncin. "Ƙugiya ta taɓa shiga tafin ƙafata, taku ukku ban yi ba na zauna ina kiran innata, ga ni da gemu."

"Baba, tarihi ne fa," in ji Kawu. "Mutumin ya rayu da gaske."

"To ya ci?"

"Na biyu ya zo."

"Na biyu! Shi na ɗayan mi ya yi musu da ba a yi nashi ba?"

Mai babur ya ce shi abin da ya ba shi haushi, ga babura na bin bawan Allah a baya, an rasa mai cewa hau in rage maka hanya. Suka kwashe da dariya. Ni kuwa ina kwance ina bin dasashina da harshe, ko zan ji ɗanɗanon jini, domin an ce dafin gobe-da-nisa yana sa dasashi zubar da jini. Ina tofa miyau a tafin hannu ina dubawa. Ina ɗaga kai in ga ko kumburin ya haye layin biro. Na roƙi Allah abubuwan da ban taɓa roƙa ba, har na ce ya ɗauki ƙafar ya bar mini sauran.

Inna ce ta katse su, ta leƙa ta tagar. "Ku ji tsoron Allah. Shi wancan akwai masu jiran shi da ruwa da likita a bakin layi. Ɗiyata wa ke jiran ta? Kai kuma," ta ce wa ƙaninta, "ka goge fim ɗin daga wayar nan yau."

Can Kawu ya ce a hankali, "Yaya, da ta zauna a gona, wa zai gan ta kafin azahar?"

Tambayar nan har yau tana hana ni sakewa, kuma ban sake taka gonar ba.

Bayan la'asar malamar ta sake ɗibar jinin. Ta ajiye kwalbar, ta nuna mini agogon bango. Mazan suka taru a taga, har masuncin. Inna ta riƙe hannuna tana jan carbi da ɗayan. Da lokaci ya cika malamar ta ɗauki kwalbar ta karkata ta sannu a hankali, har bakinta ya kalli ƙasa. Jinin bai zubo ba, yana manne kamar kunun da ya kwana.

Ta duba layin biro, ta buɗe bakina ta duba. Ta ce zan kwana nan don a sa ido.

"Amma kin tsira, 'yata," in ji ta. "Ki daina tofa miyau a hannu haka nan."