Masan Gidan Haya Da Ƙodata Ta Hagu

Salamu alaikum 'yan'uwa. Shekaru na yi ban ba kowa labarin nan ba. Jiya na ji 'yata Hauwa tana cewa ba ta shan ruwa a shago saboda ƙazantar banɗakin kasuwa. Shi ya sa na ɗauki waya.

A shekarun casa'in muna haya a Sabo, nan Ibadan. Ɗakuna barkatai, masai ɗaya tak. Allah ya raba ku da ganinsa. Tsutsa har bakin ƙofa, in damina ta sauka kuma sai ya tumbatsa tsakar gida. Ni kuwa waina nake soyawa, in na shiga na fito ko ƙullu ba na iya kallo.

Sai na daina shan ruwa da rana. Ba ni kaɗai ba, duk matan gidan haka muke yi, har muna koya wa amare, wai dabara.

Ciwon ya fara a kwiɓin hagu. Fitsari ya koma kamar zoɓo, ga wari. Aka ce sanyi ne, aka kawo mini agbo daga Mokola, jiƙon Yarbawan nan mai ɗaci. Na sha, na yi ta amai. Da zazzaɓi ya kama ni, mai kemis ya ce cizon sauro ne. Sai da na daina gane mutane maigidana ya kai ni asibiti, ya sayar da kekensa aka biya kuɗin hoto.

Kafin hoton wata nas ta dire mini jug cike da ruwa, ta ce in shanye. Na kusa yin kuka.

Likitan ya shafa mini wani abu mai yauƙi, ya daɗe yana kallon na'urar. Ya ce, "Hajiya, dutse ne ya toshe hanyar fitsari. Abin da ya taru a bayansa kuwa mugunya ce. Da kin ƙara jinkiri, da ta shiga jininki."

Suka sa mini roba ta gadon baya har cikin ƙoda. Na juya na ga abin da ke gangarowa cikin leda, ruwan ɗorawa, mai kauri, mai ɗoyi. Har yau ina jin warin. Masan da nake gudu, ashe a cikina na haƙa shi.

Na tashi, alhamdu lillahi. Allah ya saka wa likitan nan da maigidana da alheri. Amma ƙodar ba ta tashi ba, cire ta aka yi.

Don Allah ku sha ruwa, kar ku riƙe fitsari. Ciwon kwiɓi da zazzaɓi in sun haɗu, ku nemi hoto, ku bar agbo. Masu gidajen haya, ku ji tsoron Allah ku yashe masai.

Hauwa, ke kina da ƙoda biyu. Ki toshe hanci ki shiga.