Ranar da Aka Yi wa Uban Tsohuwata Ihu a Staten Island

Ina sallame sallar asuba na bar unguwarmu ta Mount Hope, kuma in gaya muku gaskiya ba da son raina na fita ba. Ranar hutuna ce. Amma tsohuwar da nake aikin kula da ita, Baturiya da ta haura shekara casa'in, ta sa ni gaba da magiya har na gaji da cewa a'a. 'Yarta za ta ɗauke ta zuwa gidan tsofaffi a wata jiha, kuma kowa ya san daga can ba dawowa New York za ta yi ba. Abu ɗaya take so kafin a tafi da ita: in kai ta wani zauren resilin a tsibirin Staten Island, inda ubanta ya yi wasa lokacin yaƙin duniya na biyu. Masu wurin sun yi mata alkawarin makirufo a tsakiyar wasa, ta faɗi sunansa na gaskiya a gaban jama'a, ta wanke shi. Na ce wanke shi daga me? Ta ce sai mun hau ruwa.

Na yi mata wanka, na sa mata kaya, sai ta ce jan baki. Na shafa. Ta ce ya karkace. Na goge na sake. Da ƙyar na ɗora ta a kekenta na guragu muka fito Fordham Road, masu shaguna suna ta ɗaga ƙofofin ƙarfe. Na tsaya wurin wata 'yar Gana mai koko ta cika min filas.

"Ƙanwata, ina za ki da kakar nan da sanyin safiya?"

"Kallon resilin."

"Ei! Ke ce kika lalata ta, ko ita ta lalata ki?"

Duk wanda bai taɓa tura keken tsohuwa a jirgin ƙasan garin nan ba, kada ya ce min ya san wahala. Lif ɗin da ke sauke mutane cikin tasha wari kamar bayan tashar mota, mutane kuma kowa ya toshe kunne ya kafe waya da ido, sai ka yi tsawa a matsa maka. Haka muka gangara har ƙarshen Manhattan. Da muka isa bakin ruwa na buɗe jaka zan biya, aka ce feri, jirgin ruwan da ke tsallakar da mutane, kyauta ne. Kyauta! A garin da ko ledar zuba kaya sai ka saya. Na daɗe ina waige, ina jiran wanda zai tare mu.

Muna kan ruwa, baƙi sun yi cincirindo suna ɗaukar hoton gunkin matar nan mai riƙe da wuta, tsohuwa ta fara. Ta ce lokacin yaƙi an kwashe samari kaf, resilin ya koma hannun dattawa da waɗanda soja ta ƙi ɗauka. Kowane yanki da mai shirya wasansa, ba mai shiga gonar wani. 'Yan kallo kuwa yawanci mata ne masu aikin walda a wurin ƙera jiragen ruwa, mazansu suna bakin daga. Su karɓi albashi su zo zaure, ana rufe tagogi saboda kada haske ya fita jiragen maƙiyi su hango, su kuma abin da suke so su gani shi ne ana dukan maƙiyi. To sai an samo maƙiyin. Ubanta mai gasa burodi ne, ƙato, kunnensa ɗaya ba ya ji, shi ya sa ba a kai shi yaƙi ba. Aka aske masa kai, aka laƙaba masa sunan Jamusawa, ya riƙa hawa dandali yana zagin sojojin ƙasa. Alhali iyayensa 'yan Polan ne, ƙasar da Jamus ɗin ta tattake, ƙanensa kuma yana can ana harbinsa.

Na ce, "Mama, dakata. Kina nufin shiri ne?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ruwa na jiƙa mutum. Jama'a, ni fa yayyena a Kano har faɗa suke yi a gidan kallo a kan resilin, ɗaya sai da ya rasa haƙori. Ashe tun a ɗakin sa kaya an gama sanin wanda zai faɗi.

Abin da ya fi ɗaure min kai, dokar sana'ar ce: ba a gaya wa kowa cewa shiri ne. Ko a kasuwa, ko a coci, mugu mugu ne. Mata suka riƙa soka masa allurar hula in zai wuce. Aka farfasa masa gilashin shago. Ita kanta yara sun tofa mata yawu a makaranta. Bai taɓa fitowa ya ce wasa ne ba, har ya mutu wasu maƙwabta ba sa amsa gaisuwarsa. Ni da za a fasa min gilashi sau ɗaya, wallahi da lasifika zan zaga unguwa.

Staten Island sai ka rantse ba New York kake ba. Gidaje gajeru, tsakar gida da ciyawa, shiru har kunne na ƙara. Muka hau bas zuwa tsohon layinsu. Shagon burodin yanzu gidan wanki ne. Ta kalle shi ta ce mu tafi, ban ja magana ba.

Bayan azahar muka shiga zauren. Tsohon gini ne, warin gumi da gugguru, kujerun ƙarfe, iyaye da yara da tsofaffi masu sanda. Naman da ake sayarwa ban yarda da shi ba, na tsaya a kokona. A bango ga hotunan 'yan wasan da, ga ubanta a ciki, ƙwalƙwal, ya murtuke kamar bai taɓa dariya ba. Aka ajiye mu a sahun gaba, dab da igiya.

Aka fara. Duk da an gaya min shiri ne, idona ya ƙi yarda. Wani ƙato mai baƙin wando, shi ne mugun ranar, ya wurgo abokin karawarsa waje, yaron ya faɗo a ƙafar keken tsohuwa, jini na zuba daga goshinsa. Jini na gaske, na san jini, aikina ne. Ƙaton ya diro ya ɗaga kujerar ƙarfe a saitin kanmu. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na kwaɗa masa filas a ƙeya, koko ya wanke masa baya.

Nan take masu tsaro suka riƙe ni, ɗaya ya kama hannun keken. Ashe duk ɗan kallon da ya taɓa ɗan wasa waje ake yi da shi, shi da wanda suka zo tare. Tsohuwa ta riƙe rigata tana cewa, "Ban yi maganar ba, ban yi ba." Na ratso gari guda da matar nan, ni da hannuna zan sa a kore ta.

Ƙaton ya matso har ina jin numfashinsa, ido jajir, ya buɗe baki kamar zai cinye ni. Sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa: "Yaron lafiyarsa ƙalau, shi ya tsaga goshinsa da reza. Tsaya yadda kike." Sannan ya juya ya daka wa masu tsaro tsawa: "Ku sake ta! Ku bar ta ta zauna, ina so ta ga yadda zan karya shi!" Zaure ya ɗauki ihu, suka sake mu. Mutane har tafa min suke, sun zaci da ni aka shirya. Na koma na zauna.

Da aka tafi hutu, aka miƙo mata makirufo. Aka yi tsit. Ta daɗe tana kallon hoton bangon, ina jiran sunan Polan ɗin nan da ta yi ta maimaitawa a feri. Sai ta kira sunan Jamusawan da aka laƙaba masa, da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta ce, "Ubana ne. Ba a taɓa yin mugu irinsa a dandalin nan ba. Ku ba shi haƙƙinsa!"

Jama'a, zaure ya tashi tsaye. Ihu, tsaki, buga ƙafa, ana nuna hoton mamaci da yatsa. Ni na daskare. A wurinmu ko maƙiyinka ne ya rasu, Allah ya jiƙansa za ka ce. Ita kuwa tana dariya hawaye na bin jan bakin.

A feri na kasa haƙuri. Na ce, "Mama, a kan wannan kika hana ni barci?"

Ta ce, "Kin ga ƙaton nan? Kin fasa masa kai, ya cece mu, kuma bai bar kowa ya gane mutumin kirki ne ba. Haka babana yake. Abin da ya riƙe har kabari, ni ce zan zubar masa don in ji sanyi?"



Ana kiran magariba na kwantar da ita, na kama hanyar Mount Hope kafaɗata kamar an yi min duka. Abin da na ɗauko a tafiyar nan: na saba yanke wa mutum hukunci tun bai rufe baki ba, kuma ranar na ga inda zagi shi ne kirari. Har yanzu ban ce abin ya yi min daidai ba. Da ubana ne, da na faɗi sunan. Amma ba ubana ba ne, kuma tun da nake aiki a gidan ban taɓa ganin ta yi barci ba tare da ta kira ni na gyara mata filo ba, sai ranar.