Fitilar Rukminamma

Rukminamma ba ta tsoron maciji, ba ta tsoron ɓarawo, iska kawai take tsoro. Ƙofata na kallon tata a dogon benen nan namu na birnin Bengaluru, amma ban taɓa ganin ta buɗe taga ba. Fanka kuwa ɗaure ta ta yi da tsumma.

Duk saboda wata 'yar fitilar tagulla mai man riɗi. Ɗanta Prahlad yana jariri zazzaɓi ya kusa tafiya da shi, ta yi wa Yellamma, uwar da suke bauta wa a ƙauyensu, alkawarin in ya tashi ba za ta bar wutar ta mutu ba. Ya tashi. Tun daga nan ta sa wa ranta cewa ranar da wutar ta mutu, ranar zai bi ta.

Da ya ɗauko ta zuwa birni, a tukunyar ƙasa ta rungumo wutar har gida.

"Amma, an hana kunna wuta a benen nan fa," in ji shi. Amma kuwa uwa ke nan a yarensu.

"Wutar da ta raine ka? Kai da ko ashana ba ka iya ƙyastawa, sai latse-latsen waya?"

Ya yi dariya ya ƙyale ta. Ta ɗora fitilar a bisa kantar da ta fi tsawo a ɗakin, don abin bauta ba ya zama ƙasa da mutane. Daidai saman wurin akwai wani ɗan ƙarfe a rufi, duk mun ɗauka ado ne. Ashe famfon kashe gobara ne.

Ranar cikar wata da hantsi ta kira ni ibada, ta kunna kafur a gaban fitilar, harshen wuta ya miƙe. Sai jiniya, sai ruwa daga rufi kamar da bakin ƙwarya. Ta kifa jikinta a kan fitilar, amma ina! Ruwa ya riga ta.

"Kira shi, ƙanwata, kira min shi!"

Na kira wayar Prahlad, ba a ɗauka ba. Na sake, shiru. Ni da nake mata dariya a bayan ido, wallahi sai ga ni ina ta sake latsa lambarsa. Ta zauna cikin ruwan, idonta a kan ƙofa, tana jiran mai kawo labari.

Can sai ga Prahlad, lafiya lau, ashe taro yake a ofis. Ta shafa fuskarsa, ta matsa hannuwansa, ta sake shafawa. Na zaci za ta yi murna. Sai ta juya ta dubi lagwanin da ya jiƙe, fuskarta ta fi ɗazu firgita.

"Ta mutu, kuma ga shi a tsaye," ta ce da ni a hankali. "To duk shekarun nan da na hana idona barci, wa yake saurarona?"